An Rubuta Zulmira Ta Mutu

Shekara tara na yi da sanin Farfesa Iolanda Quaresma kafin in ji cewa ta taɓa aiki a Alto. Ita ta koya mini jinyar masu taɓin hankali tun ina aji uku a jami'a, ita kuma ta karɓe ni da na dawo neman digirin digirgir. Doguwar mace ce da furfura ta kama da wuri, ba ta latti, ba ta ɗaga murya. Ɗalibai na shakkarta saboda abu guda: in ka kuskura ka ce "mai gado na bakwai", sai ta ajiye alli ta zuba maka ido har sai ka nemo sunan mutumin.

Alto kuwa, tsohon asibitin masu taɓin hankali, duk wanda ya tashi a garinmu ya san shi. Da muna yara, in mun yi rashin ji, can ake cewa za a kai mu. Daga tagar ajinmu na jami'a ana hango dogayen ɗakunansa a kan tudu, rufi ya rufta, ciyawa ta cinye tsakar gida. An daɗe da rufe shi, aka rarraba waɗanda suka rage a ƙananan gidaje cikin gari, mutum takwas-takwas da mai kula da su. Farfesa na cikin waɗanda suka yi ta rubuce-rubuce da zanga-zanga har aka rufe wurin. Amma na lura, duk ranar da ta rage mini hanya, ba ta bin titin da ya ratsa gindin tudun. Gara ta zagaya ta bayan kasuwa, ko da cunkoso ya kai yaya.

A shekarar 2012 ta zaɓa mini abin da zan yi bincike a kai.

"Ondina, ki je ki zauna da matan da suka fito daga can," in ji ta. "Ban da takardar tambayoyi. Rikoda kawai, da haƙuri. Ki fara da gidan da ke bayan cocin Rosário."

"Za ki raka ni ranar farko?"

"A'a. Ke za ki je."

Gidan mai shuɗin fenti ne, da bishiyar gwaiba a ƙofa. Mai kula da shi, wata mata mai yawan dariya da ake kira Neuza, ta zuba mini kofi ta turo mini burodin cuku mai zafi, sannan ta nuna mini wata 'yar tsohuwa da ke tsintar wake a baranda.

"Fara da Dona Efigênia, ita ce mai bakin gidan. Sai dai za ta ce miki ba sunanta ke nan ba. Ki bar ta kawai, yana cikin ciwonta. A fayil ɗinta ma an rubuta."

Na ja kujera na gaishe ta. Ba ta ɗago ba.

"Ke ma daga jami'a? Kowace shekara sai an turo mana ɗaya. Ta bara ta fi ki kyau."

"Ta fi ni sa'a ke nan."

"Ba ta fi ki ba, kuka ta yi ta gudu. Kunna abin naki. Kuma ki rubuta da kyau: sunana Zulmira Antunes de Brito. Efigênia ta mutu a watan Yuni, shekarar saba'in da takwas, da rigata a jikinta."

Na sha karanta labarin masu ciwon da ke ɗaukar kansu wani mutum dabam. Wannan ba ta yi kama da su ba. Ba ta kumfar baki, ba ta neman in yarda. Tana tsintar wakenta tana ba da labari kamar mai lissafa kayan miya.

Ta ce babanta ne ya sa ta a jirgin ƙasa, bayan ɗanta ya mutu ta daina magana. A Alto aka aske musu kai, aka ba kowa shuɗiyar riga mai lamba a ƙirji. Tata 412. Ɗakinsu mata ɗari da wani abu ne a kan busasshiyar ciyawa, kuma in sanyin Yuni ya sauko sai su cure wuri guda, na gefe su riƙa kutsawa tsakiya. Efigênia ce ke kwana a bayanta. Wata rana aka watsa musu ruwan wanka da yamma, rigar Efigênia ta jiƙe, ga tari ya ci ƙarfinta. Sai suka yi musayar riguna.

"Da gari ya waye ta yi sanyi. Aka turo wata sabuwar yarinya da littafi. Ba ta dubi fuska ba, lamba ta duba. Ta rubuta ni. Na ce mata, yarinya, ni ce Zulmira, ga ni a tsaye. Ta dube ni, ta dubi rigata, ta wuce."

"Ba ki sake faɗa ba?"

"Kullum. Shekara talatin da huɗu. In na matsa, sai a ƙara mini allura." Ta ture tsakuwa gefe. "Na koyi amsa Efigênia, don in ba ka amsa ba babu abinci."

Na koma gida da wannan magana a kaina. Mako biyu ina zuwa, labarin bai canja ko da kalma ba. Sai na nemi izini na shiga ɗakin da ƙaramar hukuma ta tara takardun Alto, a ƙasan tsohuwar tashar jirgi. Wurin na warin ruwa da ɓera. Na kwana uku ina buɗe kwalaye kafin in sami littafin mamata na shekarar. Mutum goma sha ɗaya suka mutu a makon nan kaɗai. Layi na shida: 412, Zulmira Antunes de Brito, ciwon huhu, an sanar da dangi. A gefe an sa hannu, I. Pires.

Sunan bai ce mini komai ba. Rubutun ne ya tsayar da ni. Harafin Z mai sanda a ciki, da yadda wutsiyar 2 ke lanƙwasa sama. Shekara tara ina ganin wannan hannu da jan biro a gefen takarduna.

Na zauna a kan kwali har ma'aikacin wurin ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Washegari na sami Farfesa a ofis tana duba jarrabawa. Na ajiye hoton shafin a gabanta. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta daɗe tana kallo.

"Rufe ƙofa," ta ce. "Pires sunan gidanmu ne, kafin in yi aure. Tana raye ke nan."

"Kin san tana gidan?"

"Na ga sunan Efigênia a jerin waɗanda aka kai can, shekara shida da suka wuce. Sau uku ina zuwa bakin layin da mota, in juya." Ta ɗora hannu a kan takardar. "Na aike ki ne don na kasa zuwa. Ban kyauta miki ba."

Sai ta ba ni nata labarin. Shekarunta goma sha tara, makonta uku da fara aiki, ba a koya mata komai ba sai riƙe ƙafafun mutum in za a sa masa lantarki. Ba ta taɓa ganin gawa ba kafin wannan safiya. Da matar ta tare ta, ta ɗauka surutun ciwo ne. Amma da rana tsoffin ma'aikata suka tabbatar mata cewa waccan mai bakin ita ce Zulmira. Ta ruga wurin babbar Sista.

"Ta ce mini an riga an aika wa dangi telegiram, an rufe gawa, likita ya sa hannu. Ta ce a nan ɗaya da ɗaya duk ɗaya ne, wa zai zo nema? In na ta da maganar, ni za a kora, ita kuma a kira ta gaban darakta. Na yi shiru, Ondina. Ba wanda ya ɗaure mini baki. Wata bakwai na ƙara a wurin, ni ke kiran suna da safe. In na ce Efigênia, sai ta matso ta karɓi kwanonta ta ce, yarinya, ni ce Zulmira. A hankali take faɗa, ba faɗa ba zagi. Daga nan na sami gurbin karatu na gudu."

"Amma duk abin da kika yi bayan nan..."

"Kada ki wanke ni. Littafi huɗu na rubuta a kan sauraron majinyaci. Ba safiyar da zan wanke fuska ban ji muryar nan ba. Kin taɓa ganin na kira sunayen ɗalibai a aji? Takarda nake miƙawa su rubuta."

Gaskiya ne, ban taɓa gani ba.

Na ji haushinta, kuma na ji tausayinta, na rasa wanda zan bi. Abin da na iya cewa kawai shi ne ranar Alhamis zan koma gidan, ƙarfe tara.

Ranar Alhamis na tarar da motarta a bakin cocin, tana ciki, hannu biyu a kan sitiyari. Muka taka tare. Neuza ta rikice da ganin babbar baƙuwa, ta shiga neman kofunan da ba su da tsaga. Tsohuwar na baranda tana shan rana, da bargo a gwiwa.

Farfesa ta tsaya a gabanta, ta ce, "Dona Zulmira."

Matar ta ɗago a hankali. Neuza ta buɗe baki za ta gyara, na riƙe mata hannu.

"Wa ya aiko ki?"

"Ni ce yarinyar da ta zo da littafi. Iolanda."

Dona Zulmira ta ƙare mata kallo daga takalmi har furfura. Can ta ce, "Kin tsufa. Da kamar sillen kara kike." Ta gyara bargo. "An ce malama ce ke yanzu?"

"Eh."

"To kin iya karatu ke nan. Da ba ki iya ba."

Farfesa ta durƙusa a kan simintin, mace mai shekara hamsin da uku da ciwon gwiwa. Ta faɗi duk abin da ta faɗa mini, har da zancen Sista, har da juyawa a bakin layi. Ba ta yi kuka ba, amma muryarta ta riƙa yankewa. Da ta nemi gafara, tsohuwar ta kawar da kai tana kallon bishiyar gwaiba.

"Tashi, kina tare mini rana. Gafara ta Fada ce, je ki coci, ga shi nan kusa. Ni abin da nake so, hannun da ya rubuta ya goge. Kuma a gaya wa mamata ban mutu ba."

Ta dubi fuskokinmu. Ita da kanta ta ce, "Ta mutu ko? Ai dole. To Eurico. Ƙanena. Shi ya ɗaukar mini jaka zuwa tasha."

Neuza ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba. Shekara shida tana kiran matar da sunan wata, tana rubuta a rahoto cewa ciwon bai sake ta ba.

Neman Seu Eurico, wato Malam Eurico, ya ci mana wata biyu. A ƙarshe wani Fada a arewacin jihar Minas ya amsa wasiƙarmu, ya ce akwai mai wannan suna a wani ƙauye, yana kiwon shanu yana yin cuku. Muka yi tafiyar awa bakwai, ni da Farfesa. Muka same shi a bakin garke, gajeren mutum mai hular kaba. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya tofar da yawu gefe.

"Yayata ta mutu, Dona. Telegiram ɗin yana nan a akwatin mama. Duk Yuni sai an yi mata addu'a a coci. Ni da kaina na je Alto a tamanin da biyar, aka nuna mini wani turken siminti mai lamba, na durƙusa na yi kuka a kai. Yanzu ku zo ku ce wa na yi wa kukan?"

"Wata baiwar Allah mai suna Efigênia," in ji Farfesa. "Ni na yi kuskuren, kuma na sani tun ranar."

Ya dube ta kamar zai ɗaga hannu. Sai ya juya ya shige cikin shanunsa. Na kunna rikoda na ɗora a kan shinge, muryar Dona Zulmira ta fito tana ba da labarin ranar tasha: yadda jakar ta fi ƙarfinsa, yadda ya saka mata ɗan guntun rake a aljihu don kada babansu ya gani. Ya tsaya cak, bayansa gare mu. Har muryar ta ƙare bai juyo ba.

"A tamanin da biyar ɗin," ya ce, "tana ciki ke nan? Ina maƙabarta, tana bayan katanga?"

"Tana ciki."

Bayan mako guda ya zo, sanye da rigar zuwa coci, da ƙullin cuku a hannu, 'yarsa ta tuƙo shi. A ƙofar gidan ya cire hula ya kasa shiga. Dona Zulmira ce ta taso da sandarta.

"Kai ne wannan? Ina gashin?"

"Yaya," ya ce. 

"Ka yi kama da baba. Bai yi maka kyau ba." Ta shafa fuskarsa da tafin hannu, ta daɗe a kan kunnensa. Sannan ta nuna matashiyar da ke bayansa. "Wannan fa?"

"'Yata ce. Sunanki aka sa mata."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya. "Ashe har an raba gado. To riƙe shi da kyau, 'yata, yana da saurin ɓata."

Suka zauna a baranda har rana ta karkata. Ya roƙe ta ta bi shi gida, ta ƙi. Ta ce nan ta san inda komai yake, kuma wa zai riƙa yi wa Neuza faɗa? Amma ta yarda ta je Kirsimeti, ta ga kabarin mamarsu.

Ta da mutumin da takarda ta kashe ba ƙaramin aiki ba ne. Shekara biyu aka yi ana shari'a. Aka gwada jininta da na Seu Eurico, aka kawo littafin, Farfesa ta tsaya gaban alƙali ta ce hannunta ne, kuma ta sani ta yi shiru. Lauya ya ba ta shawara ta tsaya a kan cewa kuskuren yarinta ne, ta ƙi. Jaridar gari ta buga. A sashenmu wasu suka daina zama kusa da ita a wurin shan kofi, wasu kuma suka riƙa yi mata wani irin ladabi da ya fi zagi ciwo. Wata ɗaliba ta tashi a aji ta tambaye ta da wane ido take koya musu. Farfesa ta ce tambayar daidai ce, ta ba su labarin daga farko har ƙarshe, kuma daga shekarar nan da shi take buɗe darasin 'yan aji uku.

Ni ma ban fita lafiya ba. Da na zo kare kundina, ɗaya daga cikin masu jarrabawa ya ce bai kamata wadda ake bincike a kanta ta zama mai duba binciken ba. Yana da gaskiya. Aka canja mini malami, na ƙara shekara guda.

Ranar da katin shaida ya fito, ni da Farfesa muka kai wa Dona Zulmira. Ba ta iya karatu ba, sai ta miƙa wa Farfesa ta ce ta karanta da ƙarfi. Ta karanta. Dona Zulmira ta karɓa ta cusa a rigarta.

"To. Saura Efigênia."

"Kamar yaya, Dona Zulmira?"

"Da ina amsa mata, ko ba komai ana kiranta kullum. Yanzu kin karɓe nawa daga kanta, kin bar ta ba ko ɗaya. Ita ma ai wata ce ta haife ta."

Farfesa ta koma ɗakin takardu ta nemo katin shigar Efigênia. Layi biyu ne: 'yan sanda suka kawo ta daga tashar jirgi, shekarunta kamar ashirin da biyar, ba a san dangi ba. Ko sunan uba babu. Abin da Dona Zulmira ta iya tunawa shi ne tana yawan zancen wani kogi da ake haye shi da kwalekwale, da wata ƙanwa gurguwa, kuma tana waƙar masu wanki.

Dona Zulmira ta rasu a 2017, da rana tsaka, a kujerarta ta baranda. Seu Eurico ya zo ya ɗauke ta, aka rufe ta kusa da mamarsu. Farfesa ta je jana'izar, ta tsaya can baya. Bai yi mata magana ba, amma da za mu tafi ya aiko 'yarsa da cuku guda biyu, ɗaya nawa ɗaya nata.

Farfesa ta yi ritaya a shekarar da ta biyo, ni na gaji ajinta. An ba ta ofis na girmamawa ba ta taɓa shiga ba. Wasiƙu take rubutawa zuwa coci-coci na garuruwan bakin kogi, tana tambayar ko an yi wa wata Efigênia baftisma wajen shekarar hamsin da uku, mai ƙanwa gurguwa. Yawanci ba a amsawa. An sami Efigênia tara zuwa yanzu, ta bi sawun kowace, duk ba ita ba ce: wata ta mutu tana jaririya, wata tana raye a São Paulo da jikoki.

Watan jiya na kai mata ziyara. Ta rame, idonta ya fara ba ta wahala, likita ya hana ta tuƙi. Ta dafa kofi ta manta ba ta sa sukari ba. Na tambaye ta ko tana samun barci, ta ce tana samu, safiya ce dai matsalar har yanzu. Sannan ta ɗauko wata wasiƙa daga wani gari da ban taɓa jin sunansa ba, ta ce sun sami ta goma, kuma akwai wata tsohuwa a can da ke tafiya da sanduna biyu.

"Awa tara ne a mota," ta ce. "Na san kina da jarrabawa."

Na ce mata ranar Juma'a zan gama, mu kama hanya Asabar da sassafe.